Daga Maijirgi zuwa Tsibiri: abin da Kiristoci ke tunawa a ranakun Ista

Kowace shekara, a tsakiyar bazara, sa'ad da rana ta fi ƙuna kuma hatsi ya fara ja da baya cikin rumbu, akwai wata Litinin da ake rufe ofisoshin gwamnati da makarantu a ko'ina cikin ƙasar Nijar. Ma'aikaci yakan huta, ɗan lakkwal yakan ajiye littafinsa, amma in an tambayi mutane dalilin hutun, yawanci ba su wuce cewa sallar Kirista ce. Wannan Litinin ita ce mai bin Lahadin Ista, idin da ake kira Pâques da faransanci. Bisa ƙidayar jama'a ta 2012, Kiristoci ba su kai mutum ɗaya cikin 100 ba a ƙasar nan. Duk da haka ƴan ƙasa ne, kuma a jahar Maraɗi da yawansu Hausawa ne haifaffun wurin, gonarsu na iyaka da gonar Musulmi, rijiya ɗaya ake ja. Wanda ya ci hutun ranar, ya dace ya san abin da maƙwabcinsa yake tunawa a cikinta.

Ranar ba ta da tsayayyen kwanan wata. Tun taron shugabannin ikilisiya da aka yi a Nikiya a shekara ta 325 aka nemi a haɗa Kiristoci kan lissafi ɗaya, har aka tsaya a kan Lahadin da ke bin cikar farin wata na farko daga 21 ga Maris. A lissafin da Katolika da ikilisiyoyin bishara suke bi, Ista ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta kuma wuce 25 ga Afrilu. A Turai lokacin tohon itatuwa ke nan. A ƙasar Tasawa da Mayahi kuwa lokacin sharar gona ne da duban gabas.

Daren Alhamis da ranar Juma'a

Bisa ga Linjila, abin ya faru a Urushalima zamanin da Bilatus yake gwamnan Yahudiya a ƙarƙashin Romawa, wato tsakanin shekara ta 26 da ta 36. Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, ya zauna cin abincin dare da almajiransa 12 a lokacin Idin Ƙetarewa. Wannan idi tsoho ne a wurin Bani Isra'ila. Da shi suke tuna daren da suka fita daga bautar Fir'auna a Masar, daren da kowane gida ya yanka ɗan rago aka shafa jininsa a dogaran ƙofa, mutuwa ta ƙetare gidan ba ta shiga ba. Ashe tun asali idin ya haɗa yanka da fita daga bauta a wuri guda. A wannan dare Yesu ya gutsuttsura gurasa ya ba su, ya miƙa musu ƙoƙo, ya kira gurasar jikinsa, abin da ke cikin ƙoƙon kuma jininsa, sa'an nan ya umurce su su riƙa yin haka don tunawa da shi. Kashegari Juma'a aka gicciye shi a bayan gari. Kiristoci sun gaskata cewa ran Lahadi da asuba matan da suka je kabarin sun tarar ba kowa a ciki, domin ya tashi.

Mai karatu Musulmi ba zai rasa tuna ragon Layya ba. Labarin Annabi Ibrahim da ragon da aka fanshi ɗansa da shi yana cikin Littafi Mai Tsarki ma, sai dai a can sunan ɗan Ishaku, alhali Musulmi sun tafi a kan Isma'ila ne. Kirista yana ɗaukar wancan rago a matsayin alamar abin da zai zo daga baya, yana kiran Yesu Ɗan Ragon Allah, hadayar da aka miƙa sau ɗaya ba a sakewa. Dalilin da ya sa ba ya yanka Layya ke nan, ko da yake in maƙwabci ya aiko masa da nama yakan karɓa da godiya. Amma a nan hanyoyin biyu suka rabu, kuma ɓoye rabuwar ba ta da amfani. Alƙur'ani, cikin Suratun Nisa'i, ya bayyana cewa ba a kashe Annabi Isa ba, ba a kuma gicciye shi ba, kuma Musulunci ya koyar cewa ba mai ɗaukar nauyin zunubin wani. Bangaskiyar Kirista gaba ɗaya a kan wannan ɗaukar nauyi ta tsaya. Masu cewa duk abu ɗaya ne suna nufin alheri, amma ba liman ba fasto da zai yarda da su.

Yadda ake tunawar ya bambanta. Ƴan Katolika suna fara azumin kwana 40 daga Larabar Toka, ran Juma'ar ƙarshe su bi Hanyar Gicciye mai matsayi 14, kuma sun gaskata cewa a kowace Misa gurasar da ruwan inabin suna zama jikin Almasihu da jininsa. Tun 2001 Maraɗi take da bishop nata, na farko shi ne Ambroise Ouédraogo, yankinsa ya haɗa har da Tawa da Damagaram da Agadas da Difa. Ikilisiyoyin bishara kuwa, waɗanda suka fi yawan Hausawa, suna kiran abin Jibin Ubangiji, suna ɗaukarsa a matsayin tunawa. Waɗanda aka yi wa baftisma ne suke ci. Kafin a raba gurasar akan yi shiru, kowa ya binciki zuciyarsa, wanda yake gaba da ɗan'uwansa kuma ana so ya shirya da shi tukuna. Dattawan ikilisiya suna iya sa mutum a horo, su hana shi jibin har sai ya tuba. A babban birni mutum yana iya ɓuya a bayan taro. A ƙauyen da kowa ya san wanda ya ci iyakar gonar wane, da wanda ya hana bashin wane, barin faranti ya wuce ka abu ne mai nauyi ƙwarai.

Kalmar fansa

Kalmar da Kiristocin Hausa suke fassara mutuwar Yesu da ita ba baƙuwa ba ce. Ita ce fansa. A ƙarni na 19, zamanin yaƙe-yaƙe tsakanin Maraɗi da Tsibiri da Katsina da Damagaram, in hari ya ɗauke mutum, danginsa sukan tara wuri ko dabbobi su bi sawu su fanso shi. Bawa kuma yana iya shirya da ubangijinsa ya riƙa biyan murgu, ya yi aikin kansa, in ya tara abin da aka yanka masa ya fanshi kansa ya zama ɗa. Daga nan kalmar ɗiyauci ta fito, wadda daga baya aka ɗora wa ƙasa duka a 1960.

Koyarwar Kirista ta ɗauki wannan hoto kamar yadda yake. Linjilar Yahaya a sura ta 8, da wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa a sura ta 6, sun kwatanta zunubi da ubangida, mai zunubi kuma da bawansa. Ba laifin da mutum ya yi jiya kaɗai ake nufi ba. Ana nufin halin da ya riƙe shi har ya kasa sakin kansa: mai tauye mudu da ya rantse zai daina, kasuwa ta ci ya koma, ma'aikacin da hannunsa ya saba da karɓar na goro kafin ya sa hannu a takarda, mai hassadar da ba ya barci in ɗan'uwansa ya yi rumbu biyu. Kiristoci sun ce irin wannan bawa ba ya iya tara murgun da zai isa, domin duk abin da ya samu na ubangidan ne. Sai wani daga waje ya zo ya biya. Abin da suke tunawa a gurasa da ƙoƙo shi ne farashin da suka gaskata an biya.

Bauta ba tsohon labari ba ce da za a yi misali da ita a wuce. Faransa ta hana cinikin bayi a Afirka ta Yamma da dokar 12 ga Disamba 1905, amma ita kanta ta ci gaba da aikin tilas har 1946. Sai a 2003 dokar Nijar ta mai da bautar da mutum babban laifi, mai hukuncin ɗaurin shekara 10 zuwa 30. Shari'ar Hadijatou Mani ta nuna abin da ya rage. An sayar da ita a 1996 tana da shekara 12, a kan jikka 240. A 2005 aka ba ta takardar ƴanci, amma wanda ya saye ta ya ƙi barinta ta tafi, ya ce matarsa ce. Ran 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, tana zaune a Yamai, ta ce gwamnati ta kasa kare ta, ta yanka a biya ta miliyan 10 na sefa. Takarda ta fita, ƙafa ba ta fita ba, har shekaru suka wuce. Bulus ma da wannan matsala ya yi fama cikin wasiƙunsa, domin ya ga mutanen da aka shaida musu ɗiyauci suna komawa ƙarƙashin tsohon ubangida da ƙafarsu. Shi ya sa ba a yin jibin sau ɗaya a bari.

Akwai kuma haɗari cikin zancen, wanda tarihi ya shaida. Masu bayi a Amurka da tsibiran Karibiyan sun karanta littafin nan, waɗansu ma suka fake da shi, suna ce wa bayinsu ɗiyaucin ruhu ya ishe su. Waɗansu Kiristoci, da littafin nan dai, suka yaƙi cinikin har aka hana shi. Wa'azin fansa da ya bar sarƙa a ƙafar mutum ya ci amanar kalmar.

Yaron Damagaram

Ba kowa ya san cewa Hausar farko da aka buga sassan Littafi Mai Tsarki da ita ta bi ta bakin wani ƴantaccen bawa ɗan ƙasar nan ba. Sunansa Dorugu. An haife shi a ƙasar Damagaram wajen 1840, mahara suka kama shi yana yaro aka sayar da shi a Barno. Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi, bayan mutuwar Overweg a 1852 kuma ya bi Heinrich Barth, matafiyin nan da ya sauka Tasawa a watan Janairu 1851. Da shi aka je Tumbuktu, da shi aka isa Ingila a 1855. A can ya zauna da wani mai bishara, James Frederick Schön, yana faɗa masa tatsuniyoyi da labarin rayuwarsa, Schön yana rubutawa yana koyon harshen. Daga 1857 aka fara buga fassarar Schön littafi bayan littafi. Dorugu ya komo ƙasar Hausa, ya rasu a Kano a 1912. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa bai fito ba sai 1932, aka kuma yi sabuwar fassara a ƙarshen shekarun 1970. Wanda ya taimaka aka fara rubuta kalmar fansa da boko ya san ma'anarta a jikinsa.

Kaburbura biyu a gabas da Tasawa

Amma ba ta hannun Dorugu mutanen ƙasar Tasawa suka fara sanin Turawa da gaske ba. Duk wanda ya bi babbar hanya daga Maraɗi zuwa Damagaram, in ya wuce Tasawa kaɗan zai iso Maijirgi. A nan tafiyar Kaftin Paul Voulet da Kaftin Julien Chanoine ta ƙare.

Faransa ce ta aiko su da rundunar sojojin Afirka da ɗaruruwan ƴan dako, su kai tutarta tafkin Cadi. Daga bakin kogin Kwara a watan Janairu 1899 suka fara, suna ƙone garuruwa, suna kwashe hatsi da dabbobi, suna kama mata, suna kashe wanda ya ƙi nuna rijiya ko ya gaji da kaya. Ran 16 ga Afrilu suka yi karo da Sarauniya a Lugu. A watan Mayu suka faɗa wa Birnin Ƙwanni, kisan da aka yi a can har yau ana faɗinsa. Da labari ya kai Paris, aka aiko Kanar Klobb ya karɓe rundunar. Ya bi sawunsu ta kufai da gawarwaki, ran 14 ga Yuli ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe shi. Kwana biyu bayan haka sojojin suka juya wa shugabanninsu. Chanoine ya mutu ran 16 ga Yuli, Voulet kuma da safiyar 17, wani mai gadi ya harbe shi yana neman komawa sansani. Aka binne su a Maijirgi. Sauran hafsoshin suka ci gaba da tafiya, suka kama Damagaram a ƙarshen watan, abin da ya nuna cewa ba cin ƙasar Paris ta ƙi ba.

An rubuta cewa a 1923 wani matashin jami'in mulkin mallaka a Tasawa, Robert Delavignette, ya sa aka buɗe kaburburan aka tarar ba kowa, har jita-jita ta yaɗu cewa mutanen ba su mutu ba. Ko da gawa ko babu, waɗanda suka kashe an san sunayensu, an san inda aka haƙa musu rami. Dubban waɗanda aka kashe ba su da kabarin da ake nunawa. Tunawa da su ta zauna a bakin tsofaffi, sa'an nan Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinsa a kan Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986.

Mai karatu zai ce, ina ruwan wannan da Ista? Ruwansa yana cikin kalma ɗaya, Nasara. A Hausa ita ce sunan Kirista, ita ce kuma sunan Bature mai mulki. Voulet da Chanoine ba masu wa'azi ba ne, sojan gwamnatin da ta raba kanta da ikilisiya a 1905 ne. Masu bisharar ƙungiyar SIM, waɗanda suka sauka Damagaram a 1924 kuma suka zauna Tsibiri kafin 1930, yawancinsu masu jin ingilishi ne, hukumar Faransa ma ba ta amince da su sosai ba. Amma talaka bai ga bambanci ba, kuma ba za a ga laifinsa ba. Shekara 25 kacal ke tsakanin wutar 1899 da isowar farar fata mai littafi a hannu yana zancen jinin da aka zubar domin mutane. Waɗanda suka ji shi sun riga sun ga jini. Asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, da asibitin kutare na Danja kusa da Maraɗi, sun sa mutane da yawa sun sake duban baƙin. A farkon zamanin mulkin kai kuma ikilisiyar ta koma hannun ƴan ƙasa da sunan EERN. Duk da haka Bahaushen da ya zama Kirista ya daɗe yana amsa tambayar ko ya koma Nasara ne, alhali kakanninsa suna cikin waɗanda suka gudu daji a 1899.

Amsar da koyarwarsa ta ba shi tana cikin labarin Juma'ar kansa. Gicciye hukunci ne na daular Roma, wanda take yi wa bayi da masu tayar wa mulkinta, ba ta yi wa ƴaƴanta. Wanda Kirista yake tunawa mutumin ƙasar da aka mallaka ne, sojan mamaya suka kashe shi da izinin gwamna baƙo. In aka shimfiɗa labarin a kan Maijirgi, wurinsa yana cikin mutanen ƙauye, ba cikin hafsoshi ba. Shugaban ɗari ɗin da ya tsaya a gindin gicciyen, shi ne ya fi kama da masu bindiga, kuma Linjila ta ce shi ma abin da ya gani ya girgiza shi.

Gafara da amsa laifi

Wannan tunawa tana da farashi, domin Linjilar Luka ta ce Yesu ya roƙa wa masu kashe shi gafara tun yana kan gicciye, kuma ana bukatar mabiyansa su yi koyi. An gwada su a kan haka. Ran 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, tarzoma ta tashi a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka mutu, ƴan sanda suka ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone a Yamai kaɗai, gwamnati ta sa zaman makoki na kwana 3. Mutanen da ba su taɓa ganin jaridar ba suka biya bashin sunan Nasara. Malamai da dama sun yi tir da abin, Musulmi da dama sun ɓoye maƙwabtansu a gidajensu, shugabannin ikilisiya kuma suka yi kira a yafe. Ista ta wannan shekara ta faɗo ran 5 ga Afrilu, ƙasa da wata uku bayan wutar, waɗansu ikilisiyoyi ba su gama gyaran ginin ba. A watan Yuni 2019 aka sake ƙone wata majami'a a cikin garin Maraɗi.

Sai dai gafara a koyarwar Kirista ba ta nufin a ce ba a yi kome ba. Tsarin jibin kansa ya nuna haka, tun da mai laifi ba ya miƙa hannu ga gurasar sai ya faɗi laifinsa, in akwai abin mayarwa kuma ya mayar. Linjila ta ba da labarin Zakka, mai karɓar haraji a Yariko, wanda tubansa ya haɗa da alkawarin biyan waɗanda ya zalunta riɓi huɗu. Wanda aka cuta yana iya yafewa daga wajensa, ya sauke wa zuciyarsa kaya. Sulhu kuwa sai mai laifi ya amsa.

A kan abin da ya faru a 1899 wannan amsa ba ta zo ba tukuna. Fim ɗin African Apocalypse na 2020, wanda ya bi hanyar rundunar gari bayan gari kuma aka juya shi zuwa Hausa, ya sa jikokin waɗanda abin ya shafa suka yi magana a gaban duniya. Jama'ar wurare da dama suka kai kuka ga wakilin musamman na Majalisar Ɗinkin Duniya, suna neman a amsa laifin, a buɗe musu takardun tarihi, a kuma duba zancen diyya. A 2025 gwamnatin Faransa ta mayar da amsa a rubuce. Ta ce ƙofarta a buɗe take ga tattaunawa da hukumomin Nijar, amma ba ta ɗauki alhakin kisan ba.